Masu Gadin Ƙirjin Malam

Ranar Asabar ce, cikin goman ƙarshe na Sha'aban, a shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama. Na isa gidanmu na Zoza da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, an idar da la'asar ke nan. A ɗakin mahaifina, wanda duk gidan muke kira Malam, na tarar da mutum uku: shi kansa a kwance bisa tabarma an tokare masa baya da matashi, mahaifiyata Inna a zaune bakin ƙofa daga ciki, sai wana Yaya Habu a tsugune kusa da kansa da ƙwaryar rubutu a hannu. Na fara da wannan yinin ne domin na san abin da kuka taso kuna ji a bakin dangi, cewa na zo na ga kakanku a bakin mutuwa, na kwana ɗaya, na koma Kano wajen aikina. Gaskiya ne na kwana ɗaya, gaskiya ne na koma. Abin da ba a gaya muku ba shi ne abin da na koma yi, da wanda ya aike ni.

A lokacin ina aiki a gidan rediyo, ni ke riƙe da shirin kiwon lafiya da ake sawa kowace Laraba bayan la'asar. Yadda muke yi shi ne, wani likita daga babban asibiti ya zo ofis ya yi mini bayani da Turanci, ni kuma in zauna in mayar da shi Hausar da manomi zai gane, in karanta masa, in ya yarda ban sauya ma'ana ba sai a ɗauki muryata a faifai. Kwatan awa ake ba mu. In batu ya yi tsawo sai a raba shi biyu, a sa rabi yanzu, rabi daga baya. Haka muka yi da batun ciwon haƙarƙari, wanda a asibiti suke kira namoniya. Kashi na farko ya bayyana yadda huhu yake kare kansa. Na biyu shi ne zai bayyana lokacin da kariyar take gazawa, da abin da ya kamata a yi.

Zan maimaita muku abin da na faɗa a kashi na farko, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito. Na ce duk numfashin da mutum ya ja yana shigowa da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, amma ba kullum muke kwanciya ciwo ba, saboda huhu ba jakar iska ba ce kawai. Hanyoyin da iska ke bi a cikinsa an shimfiɗe su da wasu ƙananan halittu masu rai, kowace da aikinta. Wasu suna fitar da majina mai danƙo wadda ke kama ƙwayar cuta. Wasu suna da gashi siriri da ba ya daina kaɗawa, yana turo majinar sama har maƙogwaro, mutum ya yi kaki ya tofar. Waɗannan na kira su masu shara. Can ƙasa, inda iska ke haɗuwa da jini, akwai wasu da ke yawo suna haɗiye duk ƙwayar da ta tsere wa masu shara. Su kuma na kira su masu gadi. In abin ya fi ƙarfinsu, sai a kira fararen ƙwayoyin jini su kwararo su taya su. Na tambayi likitan wa ke yin kiran, ya ce ba su gama sani ba tukuna. Shekaru da yawa bayan haka na karanta cewa har bangon huhun kansa yana cikin masu kiran. Na ce zazzaɓi da tari da kaki mai kauri duk alamar ana fafatawa ce a ciki. A daidai nan lokacinmu ya ƙare, aka sa kiɗan rufe shiri.

Malam ba ya wuce wannan shirin. Ni na saya masa akwatin rediyon, kuma kowace Laraba ana fito da shi zaure, maƙwabta su taru. An ce mini a ranar, da aka gama, ya daɗe yana tasbihi, ya ce wa mutane su dubi hikimar Ubangiji, wanda ya sa wa talaka masu gadi a ƙirji ba tare da ya ciyar da su ba. Washegari ya tafi jana'iza Kwanyawa, garin kakanninmu a ƙasar Karaye, ruwan ƙarshen damina ya doke shi a hanyar dawowa. Kafin Juma'a ya kwanta. Wani direban motar gyaɗa ne ya kawo mini saƙo.

Da na shiga ɗakin ban buƙaci kowa ya gaya mini ciwon ba, domin ni na rubuta kamanninsa a kashi na biyu. Numfashinsa gajere ne, ƙofofin hancinsa na buɗewa da kowane ja, hannunsa na dafe da haƙarƙarin dama, kakin da ke cikin kaskon toka kuma launin tsatsa ne. Na durƙusa na gaishe shi. Sai da ya tambayi hanya, ya tambayi mahaifiyarku, ya tambayi maigidan da nake haya a gidansa, yana tsayawa ya huta tsakanin tambaya da tambaya, sannan na sami damar magana. Na ce ina roƙon a kai shi Rogo, akwai malamin asibiti a can, akwai allurar da ake yi wa wannan ciwon.

"Sani, ba kai ne ranar Laraba ka ce akwai masu shara da masu gadi ba?"

"Ni ne, Malam."

"To suna kan aiki. Ina jin su. Nan wurin suka taru." Ya danna haƙarƙarinsa.

Na ce haka ne, amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Na karanto masa kashi na biyu da ka, kusan kalma da kalma: cewa faɗan kansa yana cika huhu da ruwa da mugunya har iska ta rasa wurin shiga, cewa masu gadin dattijo ba kamar na saurayi ba ne, cewa allurar tana karya ƙwayoyin cutar ne don masu gadi su iya ƙarasawa. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba. Sai ya ce shi bai ji wannan a akwati ba. Na ce ai ba a sa ba tukuna. Ya ce to.

Dole in gaya muku wane ne kakanku, in ba haka ba za ku ɗauka taurin kai ne kawai. Shi ne mai jan baƙi a tafsirin azumi na masallacin garinmu tun kafin a haife ni. Aikinsa ya karanta aya yadda take, wani malamin ya fassara. Bai taɓa yarda ya ƙara ko ya rage ba, kuma duk maganar duniya a wurinsa iri biyu ce: wadda aka karanto daga tushe, da wadda mutum ya faɗa daga ransa. Ta farko ana bin ta. Ta biyu ana sauraron ta da ladabi.

"Abin da ka faɗa a akwati, baƙi ka ja," in ji shi. "Masana sun duba, hukuma na saurare, in ka ƙara naka a kama ka. Wannan kuwa da kake gaya mini yanzu, ɗa ne ya ga ubansa a kwance ya tsorata. Ban ga laifinka ba. Amma ba na barin nassi in bi tsoro."

Baki ɗaya ne, murya ɗaya ce, likita ɗaya ne ya duba duka biyun. Na faɗi haka, ya lumshe ido. Na ce zan iya kawo masa takardar da na rubuta, ya ce takarda kowa ma yana iya rubutawa. Na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, na kasa gane ta inda aka yi mutumin da ke cikin akwati ya fi ni daraja a ɗakin ubana, alhali ni ne shi.

Da muka fito na ja Yaya Habu bayan rumbu. Shi ne ke riƙe da gandun gidan, ƙato ne, buhun gyaɗa yakan ɗauka shi kaɗai ya jefa a mota, kuma tun da na fara aiki ba ya kira na sai ɗan akwati. Na ce mu ɗauke shi ko yana so ko ba ya so. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce a gidan nan ba a taɓa ɗaga Malam daga inda ya ce zai zauna ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ya ce hanyar Rogo ruwa ya cinye ta, girgizar amalanke kaɗai ta isa ta ƙarasa shi. Ya ce ana ba shi rubutu, wanzami ya yi masa ƙaho a baya, kuma shi Malam abin da ke ransa ya tashi kafin a ga wata, kada a ba wani jan baƙi. Daga nan ya yi mini tambayar da har yau nake jin ta.

"Kai ka faɗa da bakinka, duk zaure sun ji. Yau ka zo ka ce ba haka ba. To wanne ne kai a ciki?"

Na ce duka biyun. Ya ce shi bai san mutum biyu a riga ɗaya ba, ya tafi ya ba shanu harawa.

Washegari da hantsi na sami Inna a madafa tana dama kunu. Tun zuwana ba ta ce komai a kan maganar ba. Ba ta ɗago ta dube ni ba, ta tambaye ni yaushe za a sa ragowar. Na gaya mata gaskiya: Larabar ƙarshe kafin azumi kullum ana ba da ita ne ga bayanin lafiyar mai azumi, cikin watan kuma tafsiri ne ke cinye lokacinmu, saboda haka kashi na biyu sai bayan salla. Ta ci gaba da damu. Ba ta kiran sunan Yaya Habu, saboda ɗan fari ne. Babbanku take cewa. Ta ce babbanku ba zai saɓa wa ubansa ba, kuma ita ba ta ga laifinsa ba, haka aka rene shi.

"Tun ina yarinya nake gidan nan, ban taɓa ganin an juya shi da baki ba. In akwatin yake ji, tashi ka je ka shiga akwatin."

Ta ce kuma kada in gaya wa kowa ita ta ce, domin ba za a ji cewa ta zagaya bayan maganar mijinta da ta babban ɗanta ba. Na riƙe mata wannan har ta rasu, bayan ta rasu ma na ci gaba da riƙewa, don na saba. Da na ɗauki jakata Yaya Habu yana ƙofar gida. Ya tambaye ni ina zuwa, na ce Kano, akwai aiki. Ya dubi jakar, ya dube ni, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Daga wannan tsayuwar ce labarin da kuka ji ya samo asali.

Da na isa Kano na roƙi a sa kashi na biyu a Larabar nan. Shugaban sashenmu, Alhaji Garba, bai so ba da farko. Ya ce an riga an sanar da shirin azumi, kuma gidan rediyo ba na gida ɗaya ba ne. Na ce ciwon ma ba na gida ɗaya ba ne, ƙarshen damina lokacinsa ne. Ya tambaye ni shekarun Malam, sannan ya yarda, da sharaɗin ba zan ambaci suna ko gari ba, ba zan kuma sa gaisuwa ba. Da na je ɗakin ajiya sai na tarar babu kashi na biyu. Faifai yana da wuyar samu a lokacin, duk shirin da aka ɗage ana goge shi a ɗauki wani a kai, in lokacinsa ya zo a sake. Ba wanda ya yi kuskure, haka ƙa'idar take. Dole in nemo likitan, a sake dubawa, a sake ɗauka. Wannan ne ya hana ni komawa Zoza a ranar.

Da na zauna sake rubutawa, na ƙara jimla ɗaya wadda babu ita a da. Na rubuta cewa masu gadi ba za su taɓa cin nasara ba sai da allura. Likitan yana zuwa wurin ya tsaya, ya ce a cire. Na gaya masa halin da ake ciki. Ya ce in da shi ne, da yau ɗin nan zai sa dattijon a mota ko ana kuka, kuma jiran Laraba ganganci ne. Amma jimlar ba gaskiya ba ce. Ya ce kafin a sami allurar nan mutane suna yin wannan ciwon, wasu su tashi, wasu su tafi. In na ce babu mai tashi, duk matar da ta taɓa ganin mijinta ya tashi za ta daina yarda da ni, har da ranar da na faɗi abin da zai ceci ɗanta. Na san yana da gaskiya. Na kuma san cewa abin da ya sa Malam ya yarda da akwati shi ne ba a barin mu mu ƙara namu, ga shi kuwa ana hana ni ƙara nawa a daidai ranar da nake buƙata. Muka daidaita a kan wannan: wani lokaci masu gadi sukan ci nasara su kaɗai, amma ba wanda ya san ko nasa za su ci, kuma wanda ya tsaya ya gani yana iya ganewa bayan lokaci ya wuce. Haka na karanta, haka aka ɗauka.

Ranar Laraba da safe na hau mota da sababbin batura a aljihu. Tun daga Karaye nake tunanin ko zaman makoki zan tarar. Da na karyo kwanar gidanmu abin da na fara dubawa shi ne ko an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Babu. Na shiga da sallama, na tarar da Malam a zaune, ya jingina da bango, yana kurɓar kunu da ludayi. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma numfashinsa ya sauka. Inna ta ce tun asuba gumi ya karyo masa, ya jiƙe riga sharkaf aka sauya masa wata, zazzaɓin ya tafi kamar an zare shi. Na yi hamdala, kuma da zuciya ɗaya na yi. Amma na tsaya a tsakiyar ɗakin da batura a hannu ban san inda zan ajiye su ba.

Bayan la'asar ya ce a kai shi zaure, ba zai wuce shirin ɗansa ba. Yaya Habu ya riƙe shi ta kafaɗa. Zauren ya cika, domin labarin samun sauƙinsa ya zaga gari. Aka kunna, na zauna a gefen ƙafarsa ina jin kaina ina bayanin ruwa da mugunya da allura. Ban taɓa sauraron muryata da irin wannan kunnen ba. Da aka zo jimlar nan, na ga ya ɗaga ɗan yatsa, bai sauke ba sai da kiɗan rufewa ya shigo.

"Kun ji ko? Wani lokaci sukan ci su kaɗai. Nassi bai saɓa wa nassi ba."

"Malam, akwai abin da ya biyo baya," na ce.

"Na ji shi. Wannan na masu raunin gadi ne, Allah ya ba su lafiya."

Zaure ya ɗauki dariya, har da shi, har tari ya sarƙe shi. Yaya Habu ya daki kafaɗata ya ce ɗan akwati ya sha wahalar mota a banza, in da ya zauna ya taya mu jinya da ya fi lada. Wani maƙwabci ya ce shi daman allurar nan tsoron ta yake ji. Na buɗe baki in sake bayani, sai na ga ba wanda ke kallo na. Shirin ya ƙare, akwatin ya koma waƙa, ni kuma na koma Sani ƙanen Habu. Inna na hango ta ta ƙofar ciki, ta juya ta koma madafa.

Da na gaya wa likitan bai yi mamaki ba. Ya ce haka ciwon yake yi in mutum zai tashi, zazzaɓin ya karye farat ɗaya, kuma dattijon ya auna arziki. Na tambaye shi to wa ke da gaskiya, ya ce ba tambayar asibiti ba ce. Na daɗe ina juya abin. Duk abin da na faɗa a kashi na farko gaskiya ne. Duk abin da na faɗa a na biyu gaskiya ne. Malam bai yi mini ƙarya ba, bai kuma ji abin da ban faɗa ba. Huhunsa ya yi daidai abin da na ce huhu yana yi. In da na bar jimlar ƙaryar nan, da zaure ya ji ta yana kallon mutumin da ya ƙaryata ta a zaune yana shan kunu. In da ban je Kano ba, da ba a ji komai ba. Na bi kowace hanya a raina, ban sami wadda ta fitar da ni ba, kuma ba zan ce muku yanzu na samu ba.

Malam ya karɓi jan baƙinsa a tsakiyar azumi. Labari ya bi kasuwar Rogo cewa malamin Zoza ya tashi daga ciwon haƙarƙari ba allura, kamar yadda rediyo ta faɗa. Da damina ta zagayo, ana cikin noma, ciwon nan ya kama Yaya Habu. Inna ta gaya mini daga baya cewa da aka yi masa maganar asibiti, dariya ya yi, ya ce masu gadinsa ai sun fi na Malam ƙuruciya. Sai da ya kasa magana sannan aka ɗora shi a amalanke. Bai kai Rogo ba. Saƙon ya same ni a Kano bayan an binne shi. Malam ne ya yi masa salla, kuma ya rayu shekara goma sha ɗaya bayansa.